Akwati Mai Kwaɗo a Garejin Kawu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mutanen gareji. Inna tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi, sai dai har yanzu ba ta yarda ta hau bene. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙata, tunda rabonmu da haɗuwa tun rasuwar matarka, shekara huɗu ke nan. Amma kai da Inna ’ya’yan wa da ƙani ne, ba ni da kawun da ya wuce ka, kuma Inna ta ce in magana mai nauyi ce in rubuto, don kai ba ka ɗaukar zancen waya da daraja.

Ga abin da ya kawo ni. Digirina na biyu ya tsaya a kan bincike, binciken kuwa a kan abubuwan da ke tafiya tare da yawan shan barasa ne a tsakanin manya masu aiki: gajiya, doguwar tafiya, kaɗaici, rashin barci, irin abokan zama. Sau biyu ina roƙon ƙarin lokaci ana ba ni. Farfesan da ke duba aikina ya gaya mini ƙarara cewa babu na uku. In ban miƙa ba nan da wata biyar za a soke sunana, shekara huɗu ta tafi a banza.

Masana’antu biyu sun yi mini alkawari suka janye a ƙurarren lokaci. Shi ya sa na tuna da kamfaninku na manyan motoci, inda kake shugaban makanikai. Na rubuta wa Manajanku, ya amince. Ga takardun tambayoyi nan guda saba’in a cikin ƙunshin, tambaya talatin ce a kowace. Ina roƙon ka raba wa ma’aikata su cike, ka aiko mini. Kai ka fi kowa sanin mutanen nan da halin da suke ciki.

’Yarka,
Auta

*

Auta,

Na sami wasiƙarki, lafiya lau muke. Ki gaida Yaya, ki ce ta bar taurin kai ta riƙa shafa maganin.

Na yi sati huɗu ban amsa ba, kuma ba mantuwa ba ce. Layi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, inda kika ce na fi kowa sanin mutanen nan. Me ake faɗa a kaina a gidan Yaya? A dangin nan akwai malamin makaranta, akwai ma’aikacin jinya, ba a tuna da makaniki ba sai ranar da aka tashi neman mashaya. Raina ya ɓaci sosai, na jefa ƙunshin a bayan kwabar sifanu na ce ya kwana can.

Amma naka naka ne. Na sauko na yi miki aikin, kuma na yi shi da kyau. Ban tsaya ɓata takarda a kan waɗanda ko warin abin ba su sani ba. Na zaɓo miki mutum ashirin da biyu, gwanaye, waɗanda ba sai an tambaya ba. Na rubuta sunan kowa a sama tare da lambar motarsa don kada ki ruɗe. Waɗanda karatunsu bai yi nisa ba ni na cike musu. Akwai wani direba da muke kira Ba-Birki, ya ce kwalba biyu a sati, na gyara miki na sa tara, don ina da ido.

Sauran takardun suna nan in kina bukatarsu.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. Inna ta ji saƙonka ta ce kai ma ka gyara naka halin.

Wallahi babu wanda ya ce komai a kanka. Abin da nake nufi shi ne ka daɗe a garejin kuma suna jin maganarka. In layin ya sosa maka rai ka yafe ni. Amma sati huɗu, Kawu! Da ka kira ni ka zage ni ya fi mini sauƙi.

Ƙunshin ya iso, na buɗe a kan tebur, na kama kaina. Ko ɗaya ba zan iya amfani da ita ba, kuma laifina ne da ban yi maka bayani ba. In masu sha kaɗai na tambaya, da wa zan gwada su? A ce dukansu ba sa samun barci. To, wataƙila waɗanda ba sa sha ma ba sa samu, garejin ne haka. Sai na ga ɓangarorin biyu kafin in ce ga abin da ya bambanta su. Kuma mutanen da ka zaɓo ba su ne duka masu sha ba, waɗanda kai ka san suna sha ne. Mai yi a ɓoye bai shigo lissafinka ba, alhali shi na fi bukata.

Sunayen kuwa su suka fi tayar mini da hankali. A shafin farko na yi alkawari baro-baro cewa ba wanda zai san amsar wani. Kwamitin jami’a bai ba ni izini ba sai da na sa hannu a kan wannan. Na yanke sunayen da almakashi na lalata takardun. Ka kuma bar Ba-Birki da kwalbarsa biyu, ko ƙarya ce, tasa ce. Shi ya sa na yi tambayar ta hanya uku a wurare daban-daban, na kuma tambayi kwana bakwai da suka wuce kawai, don mutum ya fi tuna jiya a kan bara.

Ga sababbi nan. A ba kowa da kowa, daga direba har mai shara. Ba suna, ba lambar mota, ba gyara. Saura wata uku da rabi.

’Yarka,
Auta

*

Auta,

Lafiya ƙalau, sai bayana da ke ɗan damuna in na daɗe a ramin duba mota.

Na karanta darasin, na gode, ashe tsufa ba ya hana zama aji. Na yi yadda kika ce. Ranar Litinin da safe, kafin motoci su fita, na tara kowa a rumfar cin abinci, mutum sittin da uku. Na raba takardu da biro, na ce kada wanda ya rubuta suna. Na tsaya a kansu ina zagayawa don kada wani ya leƙi ta wani. Manaja ma ya shigo ya sa albarka, ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama. Kowa ya miƙo mini tasa hannu da hannu.

Ban karanta ba, amma ido ba ya rufuwa. Ina taya ki murna, kin gano gareji mafi tsarki a duniya. Sittin da uku, babu wanda ya taɓa ɗanɗanawa. Ba-Birki ya tambaye ni wai wace kala ce ma barasar. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Yanzu kam ba ki da abin cewa, don umarninki na bi tiryan-tiryan.

Kawunki

*

Kawu,

Barka da aiki, Allah ya sawwaƙe ciwon bayan. Ka riƙa barin matasa suna shiga ramin.

Na kai wa Farfesa takardun don ya ga ba zaune nake ba. Ya juya biyar ya ture sauran, ya ce in wannan ne sakamakona to in rubuta shafi ɗaya in tafi gida. Na fito na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. Kawu, direba ne fa, lasisinsa shi ne abincin ’ya’yansa. Shugabansa na tsaye a kansa, Manaja na bakin ƙofa, me kake so ya rubuta? Ko ni ce haka zan ce ban taɓa gani ba.

Na gaji, amma ba ni da wata ƙofa sai taka. Tare da wannan wasiƙa akwai akwatin katako mai tsaga a sama, na sa masa kwaɗo, mabuɗin yana wurina. Ka ajiye shi inda ba a ganin mai zuwa, ba a ofishinka ba, ba kusa da na Manaja ba. Kowa ya ɗauki takarda da ambulan ya tafi da su, ya cike inda ya ga dama, ya liƙe ya jefa. Wanda bai so ba ya jefa farar takarda, ba mai sani. Wanda karatu ya yi masa wuya ya nemi wanda shi ya yarda da shi. Ka gaya musu cewa kai kanka ba ka da mabuɗi, ka kuma nuna musu kwaɗon su taɓa.

Sati biyu ya isa. Bayan nan ina bukatar aƙalla sati shida in shigar da amsoshi a kwamfuta in yi lissafi in rubuta. Babu sauran rana ko ɗaya ta asara.

’Yarka,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, bayan ma ya lafa.

Wannan karon dabararki ta ci. Na ajiye akwatin a lungun da ke tsakanin wurin wanke hannu da ɗakin tayoyi. Kwana uku ba wanda ya kula shi. Ranar ta huɗu Ba-Birki ya zo ya jijjiga kwaɗon a gaban jama’a, ya tambaye ni ko na rantse ba ni da mabuɗi. Na rantse. Ya ce to in wani abu ya fita, ni zai riƙe, ba ’yar jami’a da bai taɓa gani ba. Na ce na ɗauka.

Tun daga nan sai na riƙa ganin mutum ya shige kan tirela ya rufe ƙofa ya daɗe. Wani ya tafi da tasa doguwar hanya ya dawo da ita duk maiƙo. Wasu sun ce layukan da kika bari a ƙarshe sun yi kaɗan, sun ci gaba a bayan takardar. Akwatin ya yi nauyi. Ranar Litinin zan ba direban da ke bi ta wajenku ya kawo miki.

Kawunki

*

Kawu,

Ina fata lafiya. Litinin uku ke nan ina zuwa tasha ina dawowa hannu rabbana. Na kira wayarka ba adadi, ba ka ɗauka. Inna ta kira, ka ce mata kana cikin aiki. In wani layi ne ya sake ɓata maka rai, ka faɗa mini wanne ne in ba ka haƙuri, amma ka aiko da akwatin. Saura sati huɗu. Ko yau ya iso sai na haɗa da ikon Allah.

Auta

*

Auta,

Lafiyar jiki akwai. Na fara wasiƙar nan sau huɗu ina yagawa, yau dai zan gama ta.

Babu akwati. Na ƙona shi.

Ranar Asabar kafin Litinin ɗin, tirelarmu ɗaya ta kife a kwana da kaya. Ba a rasa rai ba, direban ya karye a hannu. Masu kayan suka ce a bincika ko a buge yake. Litinin da safe Manaja ya kira ni ofis ya ce a kawo akwatin a fasa kwaɗon. Na ce babu suna a ciki. Ya ce ba ya bukatar suna, yana da fayil ɗin kowa. Ya ce shi ya ba da izini, a harabar kamfani aka cike, da biron kamfani, don haka kayan kamfani ne. Ya ba ni zuwa tashi daga aiki, ya kuma sa masu gadi su duba duk motar da za ta fita.

Da azahar na ɗauki akwatin na kai bayan gareji, wurin gangar da muke ƙona tsummokaran baƙin mai. Na jefa shi da kwaɗonsa, na tsaya har ya cinye. Mutum kusan goma suna kallo. An dakatar da ni sati biyu. Ban ɗauki wayarki ba don ban san da wane baki zan faɗa ba.

Kawunki

*

Kawu,

Ba zan iya doguwar gaisuwa ba yau.

Ka ƙona? Gareji guda, ramuka, tayoyi, tankuna, ka rasa inda za ka ɓoye akwati ɗaya na kwana biyu? Ka rasa kiran waya na minti ɗaya? Ina da takardar kwamiti da ta hana kowa taɓa amsoshin nan, da Farfesa ya kira Manajanku da kansa. Kai kaɗai ka yanke hukunci a kan shekara huɗu ta rayuwata, sannan ka bar ni ina sintiri a tasha sati uku.

Kuma a kan me? Babu suna a ciki. Na faɗa, na rubuta, na nanata. Ko ya fasa, me zai gani ban da alamar biro a gurbin amsa? Barazana ya yi maka ka tsorata. Tun farko ba ka so aikin nan ba, ka riƙe shi sati huɗu, ka ɓata shi sau biyu, yanzu ka huta. Ina jin haushinka ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki ko ba ki amsa ba. Haushinki yana kan hanya. Rashin kiran waya laifina ne, ba ni da abin karewa. Ɓoyewa kuwa na yi tunaninta, amma Manaja ya shekara ashirin a garejin nan, ya san kowane rami. Takardar kwamitinki kuwa, da kafin ta iso an riga an fasa kwaɗon.

Sai dai ki ɗauko takardar tambayoyinki ki duba shafi na biyu. Kin tambayi shekarun haihuwa daidai, ba tsakanin kaza da kaza ba. Kin tambayi shekarun aiki, da irin aikin, da hanyar da mutum ya fi bi, da yawan ’ya’ya, da ko yana da aure, ko ya rabu, ko matarsa ta rasu. A jami’a wataƙila wannan ba suna ba ne. A gareji mai mutum sittin da uku ya fi suna. Direba mai shekara arba’in da ɗaya, ’ya’ya bakwai, hanyar kudu, mutum ɗaya ne, kuma shi ne hannunsa ke cikin filasta yanzu. Manaja ba zai kai la’asar ba ya gama jera su. Na ga wannan tun zagaye na biyu, na yi shiru, don na gaji da a riƙa koya mini aiki. Wannan ma laifina ne.

Saura ɗaya. Makaniki mai shekara hamsin da takwas, shekara talatin da ɗaya a aiki, matarsa ta rasu, shi ma mutum ɗaya ne. Na cike tawa, a ɗakin tayoyi, kuma ban yi ƙarya ko a layi ɗaya ba. Na ci gaba a bayan takardar har wuri ya ƙare. Yanzu kin san dalilin da layin nan na wasiƙarki ta farko ya hana ni sakat. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Kin ce na tsorata. Gaskiya ne. Tun ranar nake tambayar kaina ko don mutanen da na rantse wa na ƙona, ko don takarda ɗaya. Wata rana in ce wannan, wata rana in ce wancan. Ba zan yi miki ƙaryar cewa na sani ba. Abin da na sani, da akwatin ya iso hannunki lafiya, da kin gane tawa kafin ki kai tambaya ta goma, kuma duk da haka na jefa ta.

Kada ki gaya wa Yaya.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Yaya bayan? Inna lafiya, ta hau bene jiya da kanta, kuma ba ta ji komai daga bakina ba.

Na ɗauko shafi na biyu na karanta sau uku. Ni na tsara shi, Farfesa ya duba, kwamiti ya buga hatimi, babu wanda ya gani a cikinmu. Na zauna na gwada da ma’aikatan sashenmu, mutum arba’in, na gane talatin da huɗu ba tare da suna ba.

Ranar Laraba na shiga gaban kwamiti. Farfesa ya ba ni shawara in ce akwatin ya ɓace a hanya, wataƙila su tausaya. Na ce musu an ƙona shi ne don tambayoyina suna tona mutane, kuma wanda ya ƙona ya cika alkawarin da ni na ɗauka. Suka yaba da gaskiyata, wata malama har ta ce za ta riƙa ba da misalin a aji. Sannan suka soke sunana. In ina so in sake nema baɗi, daga farko.

Ban huce ba, Kawu, kada ka ɗauka na huce. Sati ukun nan na tasha sai mun zauna a kansu. Na kwashe littattafaina daga ɗakin karatu jiya, ban iya gaida kowa ba.

Ban san abin da ka rubuta a takardar nan ba, kuma ba zan tambaya ba, ba ni da wannan hurumin. Amma ka ce wuri ya ƙare maka a bayan takardar. In akwai saura, ka rubuto wa ’yar Yayarka, ko ka ce in zo, sai in zo. Lokaci kam yanzu ina da shi, kwamiti ya ba ni har ya yi yawa.

’Yarka,
Auta